Takardu Bakwai da Wuƙar Baffa

Na yi wa wani bawan Allah alkawari cewa zan kai masa fuskar mahaifinsa, ban kai ba. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya yi fari fat, duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita daga raina. Ana cewa tsufa yana sanyaya zuciya. Tawa dai bai sanyaya ta ba, kuma na daina jira.

Abin ya faro ne a shekarar da aka samu mulkin kai, ina aji uku a firamare a Kazaure. Akwai wani malamin gona mai keke da yake zuwa ranar kasuwa yana raba takardu. Ba littafi ba ne, falle ɗaya ne mai faɗi, an tsaga shi gida shida, kowane gida da zanen hannu a ciki. Maganar mutanen an rubuta ta da ajami a saman kawunansu, don a lokacin manomi ajami yake karantawa, boko sai mu 'yan makaranta. Gwamnati ce ta buga su don a koya wa mutane zuba takin zamani a gonar gyaɗa. Falle bakwai ne, wata-wata ake kawo ɗaya.

Labarin na wani manomi ne mai taurin kai da jakinsa. Maƙwabcinsa ya karɓi taki, shi ya ce kashin jakinsa ya ishe shi. Nufin gwamnati a yi masa dariya, a ga asararsa, kowa ya ruga ya karɓi taki. Sai dai mai zanen ya ɓata musu shiri, don ya zana mutumin nan da wata irin ƙauna da ta sa duk kasuwa ta goyi bayansa. Hularsa ba ta taɓa zama daidai ba. Yana da wushirya, da ɗan gemu a karkace, komai ya faru kuma sai ya dubi jakin ya ce Allah ya kyauta. Abin da ya fi kama ni shi ne ƙafafunsa. Mai zanen ya sa masa faso a dunduniya, layi uku ƙanana, irin tsagar da ke ƙafar duk wani manomi da na sani. Ban taɓa ganin an sa ƙafar irin tamu a takarda ba sai ranar. Falle uku na gani, malamin gonar aka sauya masa gari, sauran ba su iso hannuna ba, ukun ma na rasa inda suka shiga.

Na girma, na yi makarantar malaman dabbobi, aka turo ni gida ina yi wa shanu rigakafi a ƙasar Roni da Gwiwa da Babura. A lokacin wani mai zane ya shahara a jaridar mako, da boko. Kowa na son sa. A ofishinmu har faɗa ake a kan wa zai fara buɗe shafinsa. Wata rana ina dubawa sai idona ya faɗa kan ƙafar wani ɗan dako da ya zana a gefe. Layi uku a dunduniya. Na miƙe tsaye na ce wa abokan aikina wannan ai shi ne ya yi mai jakin nan na takin zamani. Suka dube ni kamar na yi Faransanci. Ɗaya ya ce ai takardun gwamnati ba wanda yake zana su, injin ne yake fito da su haka. Wannan fa mutum ne mai satifiket.

A shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira na fara tsintar ɗaya daga cikin takardun nan. Ranar kasuwar Gwiwa ce. Na gama allura, na shiga wani ɗan masallacin ƙasa a bakin kasuwa ina jiran azahar, na jingina da bango. Sai na ga ƙarshen wata takarda ya leƙo daga tsaga, an naɗe ta ƙanƙanuwa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dalili. Ba a barin takarda mai haruffan Larabci a ƙasa. In ka gan ta sai ka ɗauka, ka kaɗe, ka cusa ta a tsagar bango ko tsakanin azara, inda ƙafa ba za ta taka ba. Ba a tsayawa tambayar me aka rubuta. Hannuna ne kawai ya jawo ta, na buɗe, sai ga mutumina kwance a gindin bishiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, dunduniyarsa a sama har tana taɓa wutsiyar harafin ƙarshe na maganarsa. Falle na huɗu, wanda ban taɓa gani ba. Sallar nan dai na yi ta, amma Allah kaɗai ya san inda hankalina yake.

A hanyar komawa na gane abin da na tsinta. Zanensa na jarida, da yake boko ne, a hannun mai tsire yake ƙarewa kafin mako ya zagayo. Na farkon nan kuwa ajami ya tsare su. Suna nan a bangayen ƙasar nan, a naɗe, shekara goma sha wani abu, ba wanda ya isa ya ƙunsa ƙosai da su. Na yi wa al'adar nan addu'a a kan babur, ina cewa Allah ya yi wa iyayenmu albarka da suka koya mana ita.

Daga nan na zama abin nuni. Duk garin da na sauka, in na gama da shanu sai in bi zauruka da masallatai ina leƙen tsaga, ina tura tsinke tsakanin azara. Na ciro wasiƙun mutane, na ciro takardun haraji, na ciro shafukan da suka yage daga littattafai, duk in mayar da su inda na same su. Sau biyu kunama ta harbe ni. A Roni wani dattijo ya riƙe mini riga a zaurensa.

"Malam, me aka binne maka a gidana?"

"Ba komai, Baba. Wata takarda nake nema mai hoton jaki."

"Jaki?"

"Jaki da mai shi."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ya ce wa mutanen da suka taru, "Ku rabu da shi. Yawan shaƙar maganin shanun nan ne."

Haushin da nake ji a lokacin ba na dariyar ba ne. A yi ta dariya mana, ba a kanta aka fara ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo, kowa ya haukace da sabon abu. Ana rushe zauren ƙasa a gina na bulo, a zubar da azara a sa kwano. Duk bangon da aka rushe, ni na san abin da ya tafi da shi. Na taɓa zuwa wani zaure a Babura da aka ce mini akwai takardu cunkus a rufinsa, na tarar da fili da tarin yashi, mai gidan yana nuna mini inda za a sa tagar gilashi yana washe baki. Na ce masa Allah ya sanya alheri, na tafi ina zaginsa a zuci har bakin titi.

Duk da haka mai nema yana tare da samu. Takarda mai lamba biyu a rufin rumfar wani mahauci a Babura take. Ta shida wani arɗon Fulani ne ya ba ni, mahaifiyarsa ta tsince ta tun da daɗewa ta sa a cikin gora ta rataye a bukka, tana ganin rubutu ne na tsari. Da na karanta masa abin da ke ciki, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce to shanunsu dai ba su taɓa ƙin albarka ba. Da mai lamba ɗaya da na samu daga baya, cikin shekara biyu na haɗa huɗu.

Sai na rubuta wa mai zanen wasiƙa ta hannun jaridar. Ban sa ran amsa ba, amma ta zo. Ya ce lallai aikinsa ne, shi ne na farko da aka taɓa buga masa, yana ɗan shekara ashirin. Ya ce manomin nan ba ƙirƙira ba ne, mahaifinsa ne, yana zaune a gabansa ya zana shi, kuma ya rasu da damina ta gaba. Tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ainihin zanen yana ofishin da ya buga su, da suka tashi komawa sabon bene aka share ɗakin ajiya aka cinna wa komai wuta. Shi ba shi da ko falle ɗaya. Ya ce yanzu in ya rufe ido hular yake gani, fuskar ba ta zuwa, kuma mahaifiyarsa tana raye a gidansa a Kano, ta ji labarin wasiƙata, kullum sai ta tambaya. Ya ce a falle na bakwai ne kaɗai ya zana shi yana dariya. Sannan a ƙarshe ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi: don Allah ka kawo abin da ka samu, ko da guda ɗaya ne.

Na mayar masa da amsa cewa zan kawo. Ban faɗa masa yaushe ba, don ni na riga na yanke a raina ba zan je da huɗu ba. Bakwai zan kai, cif, in shimfiɗa su a gabansa a jere, ya dube ni ya san ya haɗu da masoyi na gaske. Maiɗakina ta yi magana ba sau ɗaya ba.

"Malam, tsohuwar nan fa jira take. Ka kai musu waɗannan, in ka samu sauran ka ƙara komawa mana."

"Ke ba ki san kan abin ba. Ana kai rabin kaya ne?"

"To ai fuskar ɗaya ce a dukansu."

Na ce ta ba ni ruwa in sha. Haka nake kashe magana in an fi ni gaskiya.

Shekara biyu na ƙara. Na samu ta biyar da ta uku, ta bakwai ta gagara. Wasiƙa biyu ya sake aiko mini, na amsa ɗaya na ce saura ƙiris. Daga ƙarshe wani ya gaya mini ladanin wani masallaci a Roni yana da buhu da yake tara irin takardun nan, duk shekara kafin azumi ya ƙona su ya binne tokar a wuri mai tsarki. Na je ana saura kwana tara azumi, damina ta yi tsakiya, babur na nutsewa a taɓo. Ladanin mutumin kirki ne, ya zazzage mini buhun a tabarma ya koma gefe yana jan carbi. Can ƙasa na same ta, an naɗe ta kamar ɗan yatsa, ta sha danshi. Na buɗe a hankali. Ga shi nan ya ɗauko buhun taki a kansa, jakin na biye da shi ba kaya, shi kuwa ya buɗe baki yana dariya, wushiryar nan a waje. Ba na jin kunyar faɗa, na yi hawaye a gaban ladani.

A ranar na aika wa mai zanen saƙo ta hannun wani direba cewa Juma'a mai zuwa ina tafe da bakwai ɗin.

Yanzu sai in faɗi ko wane ne Baffa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya koya mini karatu a allo, shi ya tsaya aka sa ni a boko lokacin da dangi ke cewa a'a. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai kuma taɓa kiran sunana ba, da yake sunan mahaifinsu aka sa mini, sai dai ya ce Mai sunan Malam. Zaurensa a Kazaure shi ne wuri mafi bushewa da na sani, kuma yana da manyan littattafai masu nauyi a jere a kan wani benci.

Takarduna duk sun yi lanƙwasar shekaru, ta bakwai ga danshi, gidan gwamnatin da nake ciki kuma yana yoyo. Sai dabara ta zo mini in danne su a ƙarƙashin littattafan Baffa su miƙe kafin Juma'a. Na je na tarar ya tafi ta'aziyya. Na ɗaga littattafan na shimfiɗa bakwai ɗin a ƙasa, na mayar, na ce in ya dawo zan gaya masa. Kafin ya dawo aka aiko daga ofis cewa ciwon huhu ya ɓulla a shanu a ƙasar Babura, wajen iyaka. Na hau babur na tafi. Kwana biyun da aka ce suka zama huɗu.

Ranar Alhamis da hantsi na shigo zauren. Baffa na zaune a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi shanu, ya tambayi iyali. Sannan ya yi murmushi irin na wanda ya tanadar maka abin alheri, ya jawo gafakarsa ya ciro wani ƙunshi na farin ƙyalle.

"Mai sunan Malam, na ga ajiyarka."

Na ce, "Na'am, Baffa. Na so in gaya maka, ban same ka ba."

"Ba komai, ai na gane. Da na gan su a ƙarƙashin littattafai na ce yaron nan abin ya dame shi ne, ya rasa yadda zai yi, shi ya sa ya kawo mini. Sunan Allah a bakin jaki, wani ma a gindinsa. Waɗanda suka buga abin nan ba su kyauta ba. To, na raba maka su."

Ya kwance ƙyallen. 'Yan guntayen takarda ne, sirara, tuli guda. Kowace magana da ke cikin falle bakwai ɗin nan ya bi ta da wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, ya yanko ta daga cikin zanen. Tsoho ne da hannunsa ke rawa, idonsa ya raunana.

"Kwana biyu na yi a kai," in ji shi. "Duba ka gani, ko wasali ɗaya ban yanke ba."

Na ce, "Hotunan fa, Baffa?"

"Siffofin? Ai innarka ta ce itacenta ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Na ce ga waɗannan, yanzu ba komai a jikinsu."

Ban san lokacin da na shiga cikin gida ba. Inna, matar Baffa, tana bakin murhu tana dama koko. Ta ce, "Lale, ɗan nan, yaushe a gari?" Na tsuguna na sa hannu a tokar gefen murhu ina tonawa. Ta ce, "Kai, za ka ƙone! Me ya faɗa?" Ba abin da ya rage. Tun jiya da shekaranjiya aka gama da su, an dafa koko an sha.

Na dawo zaure. A cikina akwai maganganun da in na fito da su, da ba zan ƙara iya shiga gidan nan ba. Ina so in ce wa ya aike ka. Ina so in ce shekara huɗu, kunama biyu, da tsohuwa tana jira a Kano. Ina so in ɗauki wuƙar nan in jefa ta rijiya. Baffa na dubana yana jiran abin da ake ce wa wanda ya yi maka wahala. Na durƙusa, na karɓi ƙunshin da hannu biyu.

"Na gode, Baffa. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

"Amin, amin. Ka adana su wuri mai tsabta."

Wannan godiyar ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro har yau. Na hau babur na fita bayan gari, na tsaya a gindin duwatsu inda ba kowa, na yi ta zage-zage da ƙarfi kamar mahaukaci. Na zagi ofishin da ya ƙona kayan ɗakin ajiyarsa don ya samu bene. Na zagi wanda ya ce a buga abin da ajami, alhali ajamin ne ya ajiye mini su, na sani. Na zagi ciwon huhu da shanun da suka kamu da shi. Na zagi danyen itace. Baffa kaɗai ne bakina ya kasa kamawa, don abin da ya yi shi ne abin da duk wanda ya cusa takardun nan a bango ya yi, shi dai ya fi su ƙoƙari ne kawai. Al'adar da na yi wa addu'a a kan babur ita ce dai ta zauna da wuƙa kwana biyu. Da na gama zagaye kowa, sai zagin ya rasa inda zai sauka, ya dawo kaina. Wa ya sa hoton jaki a ƙarƙashin littattafan malami? Wa aka ce wa ko da guda ɗaya ne?

Maiɗakina ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa, amma ta ƙi ba ni wannan ma. Ta dai ce, "Gobe fa Juma'a." Na ce ba inda za ni. Ta ce, "Za ka bar su suna kallon ƙofa ke nan?" Ta goge mini riga ta rataye.

Na je. Gidansa ƙarami ne a wani lungu a cikin birni. Ya fito da kansa, mutum siriri da tawada a yatsunsa, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta maraba. An share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an kawo fura. Shekara nawa ina mafarkin zama da mutumin nan, ga shi na zauna ina fata ƙasa ta tsage. Bai bari na sha furar ba ma ya leƙa cikin gida ya ce, "Iya, ga baƙon ya iso." Wata tsohuwa ta fito tana dafa bango, ta sa mayafinta na fita unguwa. Don ta ga mijinta ta yi kwalliya.

Na faɗi abin da ya faru, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ajiye ƙunshin na kwance. Mai zanen ya sa yatsa yana juya guntayen, yana karanta su ƙasa-ƙasa. Sai ya fara jera su a tabarma, falle-falle, gida-gida, kowace magana a inda take, da fili a ƙarƙashinta inda mutum ya kamata ya tsaya. Bai manta ko ɗaya ba. Allah ya kyauta, Allah ya kyauta, har wuri tara.

Ya ɗauko fensir da takarda ya ce, "Malam, kai ka fi kowa kallonsa a shekarun nan. Faɗa mini, in gwada." Na ce wushirya, ya sa. Na ce gemu a karkace, ya sa. Na ce hula. Ya zana mutum mai kyau, ya juyo mini da shi. Ba shi ba ne. Ya miƙa wa tsohuwar, ta kawo kusa da ido, ta mayar masa. Ya sake wani, shi ma ba shi ba ne. Ya ajiye fensirin.

Tsohuwar ce ta sunkuya tana taɓa guntayen da ke jere, ba don ta iya karantawa ba. Sai ta ɗauki ɗaya daga falle na huɗu, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Maganar da manomin ya yi ce yana kwance a gindin bishiya. Baffa ya ƙi yanke wutsiyar harafin ƙarshe, sai ya zagaye ta da wuƙa, ya haɗo da abin da ke manne da ita. Dunduniya ce, ba ta kai farce girma ba, da layi uku.

"Fasonsa ke nan," in ji ta. "Kullum sai na shafa masa man kaɗanya. Bai taɓa jin magani ba."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe guntun ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta juyo wajena.

"Ka sha wahala, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Mai zanen ya raka ni har inda na jingine babur. Bai yi mini gori ba. Tambaya ɗaya ya yi, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Lokacin da ka fara rubuto mini, guda nawa ka ce kana da su?"

"Huɗu."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma ciki.

Ban ƙara samun ko falle ɗaya ba. Na ci gaba da leƙen bango wasu shekaru, amma bangayen ƙasa sun yi ta faɗuwa, ladanai sun yi ta ƙona buhunansu. Baffa ya rayu shekara shida bayan nan, kuma lokaci-lokaci yakan tambaye ni ko takarduna suna nan a wuri mai tsabta, in ce suna nan, Baffa.

A ranar nan da na baro ƙofar gidan mai zanen na duba agogon hannuna, ban san dalili ba. Da na tsaya a ƙofar gidana a Kazaure na sake dubawa. Awa biyu ba kwata, har da tsayawa shan mai.